Kiran Suna

Shekara uku yana ajina a Quellón,
layi na biyu, gindin tagar nan mai yoyo.
In na ce, "Barría Cárcamo, Eleuterio,"
sai ya miƙe cikin takalmin roba mai ƙarnin kifi
ya ce, "Ga ni."
Ko ranar da teku ta hana kowa fita
bai taɓa yi mini fashi ba.

Yanzu na ajiye alli, ido ya yi rauni.
Jikata Maite ke karanto mini daga waya
abin da majalisa ta yanke a Valparaíso,
ni kuma in rubuta a tsohuwar rajista
mai sauran shafi goma sha ɗaya.
Shuɗin biro na e, ja na a'a,
fensir na ranar da ya yi gum.

Dokar rabon kamun kifi.
A dandali, bisa akwatin kifi da aka kifa,
ya rantse sai an bi ta kan gawarsa
kafin manyan jirage su haɗiye rabon 'yan kwale-kwale.
Ubansa na gefe, yana share ido da hula.
Ranar ƙuri'a ya danna e.
Sau biyu na ce wa Maite ta sake dubawa.
Ta juyo mini da wayar kawai.

Da aka zo kan fanshon tsofaffi
minti tara ya yi a tsaye,
har ya ambaci wata malama da ta koya masa ɗebewa,
wadda kuɗinta ba ya kai ta ashirin ga wata.
Ni ce. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.
Ya zaɓi ƙari, jam'iyya ta juya masa baya,
suka tsige shi daga kwamiti.
Wannan na ja masa layi biyu a ƙasa.

Dajin mutanen Williche
da masu katako suka sa wa ido:
a rediyon safe ya ce a zauna a sasanta,
a talabijin da dare ya ce doka doka ce.
Ranar ƙuri'a likita ya ba shi hutu.
Washegari ga shi yana buɗe sabuwar kasuwa
da ƙafar da aka ce ta kumbura.
Kifi na ganinka, mai jar koma.

Sabon asibiti, e.
Binciken gonakin kifi da suka ɓata mana gaɓa,
fensir.
Fensirin nan har ya zama guntu.

Jiya, ana tsuga ruwa, ya ƙwanƙwasa ƙofata,
riƙe da kalanda mai hoton fuskarsa.
Furfura ta fito masa, haƙoran kuwa sababbi ne.
Na zaunar da shi kusa da murhu,
na ba shi shayi da dankalin da na gasa,
sannan na buɗe rajista a cinyata.
Ya karanta da yatsa, kamar dā.

"Malama," ya ce, "can ba aji ba ne.
Da ban ba su kifi ba, da ba su ba ni asibiti ba."
A asibitin aka ɗinke cikin mijina bara,
ya san da haka, shi ya sa bai ɗago kai ba.
Na san wasu gidaje shida kuma
da suka sayar da kwale-kwale suka tafi arewa.
Na koya masa ɗebewa,
ban koya masa wa ake ɗebe wa ba.

Da zai fita na kira shi yadda na saba,
sunan uba, sunan uwa, sannan nasa.
Ya yi dariya, hannu a kan mariƙin ƙofa,
ya buɗe baki,
sai wayarsa ta yi ƙara.

Zaɓe ranar Lahadi ne.
Maite ta tambaye ni wa zan yi.
Na ce ta fiƙe mini fensir tukuna.